Daminar da Muka Yi Jinyar Baba

Shekarata tara a gidan mijina ban taɓa zama tabarma ɗaya da mahaifinsa ba. In zan gaishe shi da safe, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, in ce, "Baba, an tashi lafiya?" Shi kuma ya amsa yana duban wani wajen, kamar da katanga yake magana. Maigidana ne ɗansa na fari, saboda haka ko sunansa ba ya faɗa, balle na matarsa. In yana nemansa sai ya ce da Inna, wato uwar mijina, "Ina mutumin nan ya shiga?" Ni kuwa "yarinyar nan" nake, har na haifi 'ya'ya uku.

Ƙauyenmu yana gabas da Tsanyawa, inda gonar wannan take manne da ta wancan, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Baba manomi ne tun tashinsa, kuma ko da ya haura sittin bai yarda ya zauna ba. A bazarar shekarar da nake ba da labari, yana kai taki gona a amalanken shanu, ƙafar amalanken ɗaya ta faɗa rami, ya wuntsilo ƙasa, kansa ya bugi dutse. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya yi wa shanun faɗa, ya ƙarasa aikinsa. Da Inna ta ga ƙullutu a gefen kansa na hagu ta shafa masa man zafi, magana ta wuce.

Bayan kamar sati biyar ya fara kukan ciwon kai. Sai muka lura yana jan ƙafar dama, takalmi yana zame masa bai sani ba. Inna ta ce tsufa ne. Ranar da aka yi ruwan shuka ne abin ya fito fili. Ya saɓi sungumi da sassafe, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya tafi. Can da hantsi sai ga maƙwabcinmu ya riƙo hannunsa sun shigo. Wai a gonarsa ya tarar da Baba yana shuka gero, har ya yi layi bakwai. Mutumin da ko idonsa a rufe ya san iyakar gonarsa. Da aka tambaye shi, ya buɗe baki zai yi bayani, kalmomin suka ƙi haɗuwa.

Daga asibitin garinmu aka tura mu babban asibiti a Kano. Ƙanin maigidana yana Kudu wurin aiki, ƙanwarsu kuma ba ta yi arba'in da haihuwa ba. Ni ina koyarwa a firamaren ƙauye, ina iya karanta takardun likita. Shi ya sa Inna ta dube ni ta ce, "Ɗauko mayafinki. Yau ba ranar kunya ba ce." Na bar yara wurin mahaifiyata, na nemi izini a makaranta, muka shiga mota mu huɗu.

Da aka yi hoton kan, wani likita mai sanyin magana ya kira mu ofishinsa. Ya ɗaga hoton ya nuna mana wani fari-fari mai kama da jinjirin wata a gefe guda. Ya ce jini ne yake tsatstsafowa a hankali tun ranar faɗuwar, ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, yana danne ta. Sai an huda ƙashin an zuƙe shi.

Inna ta dafe ƙirji. "A huda kai? Kamar ƙwarya?"

"Ƙananan ƙofofi biyu ne, Inna," in ji likitan. "In aka bar shi haka, shi ne abin tsoro. In aka cire, da yardar Allah za ki ga mutuminki ya dawo."

Maigidana ne ya sa hannu.

Washegari da safe aka aske kan Baba tas, aka tura shi ɗakin tiyata. Mu kuma muka tsaya a baranda ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Wata mata mai kimanin shekarun babbar yayata tana zaune kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta matsa gefe ta ce da Inna, "Zauna, Mama. Tsayuwa ba ta sa su yi sauri." Daga wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari take, Kirista ce, mijinta manomin rani ne da ya yi hatsarin babur, an yi masa irin wannan aiki sati biyu da suka wuce. Ita ta riƙa jan Inna da hira har awa uku suka wuce. In Inna ta yi shiru ta koma jan carbi, ita ma sai ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. Da nas ta leƙo ta ce an gama lafiya, matar nan ta riga mu cewa, "Mun gode Allah!"

Aka yi sa'a gadon Baba ya zo kusa da na mijinta, muka zama maƙwabta. Ni ina ce mata Yaya. Ita ta nuna mini famfon da ba a cika layi ba, da wurin da aka yarda masu jinya su kunna risho, da lokacin da likitoci ke zagaye, don kada su zo su tarar ba kowa. Ta ce in riƙa rubuta duk abin da na gani a jikinsa, ko ƙarami ne, saboda in likita ya tsaya a kanka sai tambayar ta gudu. Na sayi ƙaramin littafi na yi hakan.

Ranar farko Baba barci kawai yake, kansa naɗe da bandeji, wata siririyar roba ta fito daga ciki tana zubar da ragowar jinin cikin leda. A rana ta biyu, wajen azahar, ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya dubi ledar ƙarin ruwa, sannan idonsa ya sauka kan maigidana da ke tsaye a ƙafar gado. Sai ya kira sunansa. Sunansa na yanka, tiryan-tiryan, da murya a sarari.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Maigidana ya daskare. Shekararsa arba'in da ɗoriya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Da ƙyar ya ce, "Na'am, Baba."

"Ka tsaya can kamar baƙo. Matso mana."

Ya matsa. Baba ya kama hannunsa da hannun hagu ya riƙe har barci ya sake ɗaukarsa. Maigidana ya zare hannunsa a hankali ya fita. Da na bi shi baranda na same shi ya jingina da ginshiƙi yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe ya san sunan."

Likitan ya ce kada mu damu. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe a danne takan ɗauki lokaci kafin ta koma daidai, wani kan yi surutu, wani kan saki abin da ya saba riƙewa. Abin da Baba ya saki ke nan, kunya.

Ranar da aka ce ya fara cin abinci, hannun damansa ba ya iya riƙe cokali. Inna ta gwada ba shi kunun gyaɗa, amma nata hannun da ma yana ɗan rawa, rabin kunun a wuyansa ya ƙare. Maigidana ya tafi karɓo magani. Baba ya waiwayo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "'Yata, karɓi ki ba ni. Tsohuwar nan wanka take mini."

Na dubi Inna. Ta miƙo mini kwanon. Na zauna a bakin gadon surukina ina ɗebo kunu ina hurawa ina ba shi. Ya sha ya ƙoshi, ya ce tsamiyar ta ɗan yi yawa. Tun daga ranar ciyar da shi ya zama aikina.

A kwana na huɗu maigidana ya koma gida, don damina ba ta jiran mai jinya. Ya riƙa zuwa duk bayan kwana uku da ƙullin garin dawa da kuka da daddawa, wani lokaci da ƙwan zabi da matan unguwa suka haɗa. Sauran kwanakin ni da Inna ne. Da sassafe in dama kunu in zuba a filas, in wanke kayan da suka ɓaci in shanya a kan waya bayan ɗaki. Inna ta goge masa jiki, ta riƙe masa dutsen taimama da ta sa aka kawo daga gida. Yaya ta Watari kan raba mana albasa da tumatir in 'yan'uwanta sun kawo, mu kuma mu ɗebar mata daddawa, don ta ce tamu ta fi ta garinsu ƙamshi. Sau da yawa tukunya ɗaya muke ɗorawa.

A waɗannan kwanaki na san Baba fiye da yadda na san shi a shekara tara. Yana ci yana ba ni labari, ko da yake kalma takan ɓace masa, ya tsaya yana lalube. Ya ba ni labarin yadda ya je Kano a ƙasa yana saurayi, ya kwana biyu a hanya, don kawai ya ga jirgin ƙasa. Ya ba ni labarin ƙanwarsa da ƙyanda ta kashe, wadda ya ce muryarmu iri ɗaya. Wata rana kuma ya ce, "Kin san kafin a kai gaisuwa gidanku sai da na je na duba kunyarki?"

Na sunkuyar da kai.

"Ta gyaɗa nake nufi," ya ce. "Na bi ta gonar babanku kamar mai wucewa, na gan ki kina taya shi. Kunyar da kika yi miƙaƙƙiya, ba karkata. Na dawo na ce da tsohuwar nan, shi ke nan, a kai goro."

Inna ta ce, "Kai dai Malam, ka ji tsoron Allah, ka bar yarinya ta sha iska." Amma ita ma dariya take, har mijin Yaya da ke gado na kusa ya taya mu.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai ranar da yake son buta, ya yi ta cewa "fartanya, fartanya," mu kuma muka kasa ganewa. Ya san ba kalmar ba ce, ya san mun san ba ita ba ce. Ya fusata ya ture kwanon abinci, ya juya mana baya. A ranar ce kuma aka zagaye gadon wani dattijo a ƙarshen ɗaki da labule, daga baya aka fita da shi a rufe. Baba ya ƙi cin komai har la'asar. Inna ta bar shi ya huce, sannan ta ja kujera kusa da kansa.

"Malam, shekara nawa kana cewa gero ba ya fitowa ranar da aka shuka shi? To kai ma kwananka shida. Ka ci abinci."

Can ya miƙo hannu baya, ba tare da ya juyo ba, ya taɓa gefen zanenta. Na ɗumama tuwon na kawo.

Washegari wata ma'aikaciya daga sashen gashin ƙashi ta fara zuwa. Ta ba shi ƙaramar ƙwallon roba ya riƙa matsawa don hannun ya yi ƙarfi. Ya juya ta ya dube ta, ya ajiye. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ta yi lallashi ya ƙi. Sai ta tambaye ni me ya saba yi da yatsunsa a gida. Na ce ɓarar gyaɗa, duk irin da muke shukawa shi yake ɓarewa. Ta ce, "To a kawo gyaɗa." Zuwan maigidana na gaba ya taho da kwano biyu. Ranar farko Baba ya yi kusan rabin awa a kan ƙwaya biyar, gumi na keto masa. Bayan kwana huɗu ya cika gwangwani. Na soya ta a risho, aka bi gado-gado da ita, har nas-nas suka samu. Wani mai jinya ya riƙa tsokanarsa yana cewa, "Baba, yau kamfani bai buɗe ba?"

Tafiya ma haka. Da farko daga gado zuwa ƙofa, ni a dama Inna a hagu. Sannan zuwa ƙarshen baranda. Akwai wata bishiyar darbejiya a harabar, ya ce sai ya kai gare ta. Ranar da ya kai, ya dafa ta ya daɗe yana duban sama ta wajen arewa, inda hadari ya haɗu. Ya ce, "Wannan namu ne. A gida zai sauka."

Hankalinsa duk yana gona. Maigidana ya faɗa masa cewa mutanen unguwa sun yi gayya sun yi noman fari a rana ɗaya, kuma maƙwabcin nan da Baba ya shuka wa gero ne ya jagoranci aikin. Ya ce layi bakwai ɗin ma maƙwabcin ya bar su, sun fi sauran gonarsa kyau. Baba bai yarda da labarin baki ba, sai da aka ɗauko masa hoton gonar a waya. Ya kawo wayar kusa da ido, ya sa na ƙara masa girman hoton, ya ce ba a yi tsuge da kyau ba a gefen kwari, geron ya yi cunkoso. Maigidana ya ce, "To, Baba, za a gyara." Da ya fito ya ce da ni, "Tunda ya fara ƙorafi, sauƙi ya samu."

A kwana na goma sha biyu na kawo kunu kamar kullum, na ja kujera zan zauna. Baba ya dube ni, sai na ga kamar wani abu ya faɗo masa a rai. Ya janye ƙafarsa, ya gyara rigarsa, ya juya fuska wajen bango. Ya ce da Inna, ƙasa-ƙasa, "Ce da yarinyar nan ta ajiye, zan sha da kaina."

Na ajiye na fita. Inna ta biyo ni baranda tana tafa hannu a hankali. "Ya warke! Wallahi Malam ya dawo!" Na taya ta murna, kuma da gaske na yi murnar. Amma ba zan ɓoye ba, da na je wanke kwanuka na ɗan daɗe a bakin famfo. Na saba da hirar. Yaya ta same ni a can, ta dubi fuskata, ta ce, "Ai kin samu rabonki. Wasu har su mutu ba su ji ko kalma ɗaya ba." Ta karɓi soson ta ƙarasa mini wanke-wanken.

Bayan kwana uku aka cire ɗinkin aka sallame mu. Su Yaya suna da sauran sati guda. Ta rako mu har bakin ƙofa ɗauke da tabarmarmu, ita da Inna suka riƙe hannun juna suna ta sa wa juna albarka har direba ya gaji ya danna ham. Baba ya zauna gaba. Tunda muka wuce Bichi bai ɗauke ido daga gonakin gefen hanya ba. Da muka iso ya ƙi shiga gida, sai da aka bi da shi ta gona. Geron ya kai gwiwa, ya yi kore shar. Ya tsaya a bakin gonar dafe da kafaɗar maigidana, ya ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, sannan ya yarda muka tafi.

Kwana da kwanaki gidan bai rabu da 'yan dubiya ba. Likita ya hana shi aikin ƙarfi a daminar nan, saboda haka kullum da hantsi sai a kai masa kujera gindin ɗorawar da ke gona, ya zauna yana ba da umarni. Kalmomin suka dawo kaɗan-kaɗan, sai dai in ya gaji yakan ɗan tsaya kafin ya kamo wata.

Bayan sati shida muka koma ganin likita, ni da shi da maigidana. Likitan ya sa shi ya yi tafiya, ya matse masa yatsu, ya tambaye shi sunayen abubuwan da ke kan tebur, duk ya faɗa daidai. Ya ce zai iya komawa ƙananan ayyuka.

"Amalanke fa?" in ji Baba.

"Ka bi shi a ƙasa, Baba. Hawa kam a'a."

"To shanun za su raina ni."

"Su raina ka," in ji likitan yana dariya. "Ni dai kada in sake ganinka a ɗakin can."

A tasha, muna jiran mota ta cika, Baba ya tashi da kansa ya je wurin mai gurasa. Ya dawo da ƙulli uku, an barbaɗe su da ƙuli da yaji. Ya miƙa wa maigidana ɗaya, ya ajiye ɗaya a kan benci kusa da ni yana duban wani wajen, ya ce da maigidana, "A ce ta ci tun da zafinta." Muka ci. Motar ta cika bayan azahar, muka iso gida ana yayyafi, Inna na ta kwashe shanya tana tambayarmu tun daga tsakar gida me likita ya ce.